Gungumen da Attilio Ya Gitta

Duk safiyar Lahadi, tun Nives ba ta gama jera kujeru a ƙofar shagonta ba, Attilio yakan jingine kekensa a jikin bango ya shiga sayen fokacca, gurasar nan mai man zaitun da ɓarɓashin gishiri a kai. Shi kuwa ba yanka ɗaya yake saye ba. Babban faifai guda yake ɗauka, irin wanda zai ƙosar da ƙarti biyar ko shida, ya cusa a jakar baya.

"Yau ma ta taro za a naɗe maka?" in ji Nives, tana kallon sa ta saman tabarau.

"Ke dai naɗe, ki bar surutu."

"Ai na naɗe. Kajin maƙwabciyarka suna gaisuwa. An ce har sun fara yin ƙwai mai gishiri."

Gaskiya ta faɗa. Tun da sanyi ya wuce haka yake hawa dutse da gurasar nan, haka yake saukowa da ita ba a taɓa ba, da yamma ya ɓarɓasa wa kaji.

Abin da ya jawo haka wata doka ce ta 'Yan Lahadi. Haka ake kiran su a garin, mutanen da tun suna da baƙin gashi suke hawa dutsen bayan gari a kan kekunansu, su taru a wani bencin katako da ke can ƙololuwa inda ake hango teku, sannan su gangaro ta Hanyar Gawayi. Dokar ita ce ba a sa wa gurasa wuƙa sai na ƙarshe ya iso, ko da yunwa za ta kayar da mutum, ko da ruwa zai tsuge. Na farkon isowa kullum Attilio ne, siriri, mai ƙwauri kamar an ɗaure da waya, shi ya sa gurasar take bayansa. Na ƙarshen kuwa kullum Renzo ne, wanda tumbinsa yake riga shi shan kwana, har suka raɗa masa Wutsiya. In za a bi ta gaskiya, don Renzo aka kafa dokar. Yakan iso yana haki, fuska ja wur, ya zube a kan benci ya ce, "A ba ni gefen da ya ƙone, shi nake so." Sai ya ciro lemo daga aljihu, ya ɓare shi zagaye-zagaye ba tare da ɓawon ya tsinke ba, ya rataya ɓawon a reshe, wai don dutse ya shaida ya zo.

Hanyar Gawayi ma su biyun suka tayar da ita. Tsohuwar hanyar masu toya gawayi ce, daji ya cinye ta, suka bi ta da diga da shebur da manjagara, Attilio yana haƙa, Renzo yana ba da shawara. Kowace kwana sun ɗaga mata kafaɗa da ƙasa don keke ya kwanta a kai. Duk inda ruwa yake bi sun yi masa kwata da duwatsu. Ines, matar Attilio, kafin ta rasu takan ce da ta san dutse zai aura da ba ta ɓata farar rigarta ba. Bayan rasuwarta kuwa dutsen ne ya riƙe shi, shi da Lahadin nan.

Sai kekunan batir suka shigo. Da farko baƙi ne suke hawa, masu zuwa hutu, su wuce ka a tudu suna hira kamar suna zaune a falo, kekensu yana wani ɗan kuka siriri irin na sauro. Daga baya 'Yan Lahadi ma suka fara saye, wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce baya. Attilio bai iya ɓoye abin da ke ransa ba, kuma bai taɓa gwadawa ba. Wata rana a shagon Nives, shago cike, ya ajiye kofin gahawa ya ce, "Wanda batir ya kai saman dutse bai iso ba. Kawo shi aka yi, kamar buhun siminti."

Aka kwashe da dariya, har waɗanda maganar ta soka. Renzo ma ya yi dariya, ya fi kowa, har yana dukan tebur. Amma magana zarar bunu ce. Masu batir suka ga ai a safiya ɗaya za su iya zagaye duwatsu uku, to me zai zaunar da su jiran gurasa a gaban mutumin da yake yi musu kallon kaya? Ɗaya bayan ɗaya suka zame, ba faɗa, ba sallama. Aka bar Attilio da Renzo, na farko da na ƙarshe, babu kowa a tsakiya.

Da sanyi ya kama, zuciyar Renzo ta ba shi matsala, aka kai shi babban asibiti aka tsaga ƙirjinsa. Attilio ya je duba shi sau ɗaya. Ya tsaya a gindin gado yana murza hula, ya rasa abin cewa, don shi mutum ne da in ba maganar ƙasa da ruwa da taya ba, bakinsa a ɗinke yake. Renzo ne ma ya taimake shi.

"Kai tsoho, ka daina yi mini kallon gawa. Ka dai ajiye mini gefen da ya ƙone."

"Zan ajiye."

"Kar ka cinye ka ce tsuntsu ne."

Ya ce zai ajiye, kuma ya ajiye. Bai sake komawa ba, ba don rashin so ba, sai don yana ganin in ya je gidan zai zama kamar yana tambayar yaushe za ka dawo, kuma ba ya son ya ji amsar. Ya zaɓi ya jira a benci.

Ana cikin haka babura suka gano dutsen. Samari ne daga kwarin da ke bayan tsauni, a kan baburan daji masu taya mai haƙora, kuma abin takaici ba su da lokacin da suka fi so sai bayan ruwa. Duk mai hawan keken dutse ya san ba a taka hanya tana jiƙe, a bari ta sha iska tukuna. Su kuwa laka ce daɗinsu. Tayar baya ta tona rami, ruwan sama ya bi ramin, kafin mako ya zagayo aikin shekara ya zama kwazazzabo. Attilio ya gyara, suka ɓata, ya sake gyarawa. Ranar da ya tarar da kwanar da ya fi alfahari da ita an farke ta gida biyu, duwatsun kwatar sun watse a gangare, sai ya zauna a ƙasa yana kallon ɓarnar. Ba hanyar kaɗai yake tunani ba. Yana tunanin ranar da Wutsiya zai dawo ya tarar ba abin da za a gangara a kai.

Hanyar hawa dutsen ɗaya ce, kuma tana bi ta wani matsi da ake kira Maƙogwaro: bangon dutse a hagu, rami mai zurfi a dama, faɗinsa bai wuce a wuce da jaki da kaya ba. Ta ƙasa babur ba ya iya shiga Hanyar Gawayi, don bakinta matakala ce mai tsayi tsakanin gonakin zaitun. Saboda haka wanda ya toshe Maƙogwaro ya toshe dutse. Attilio ya sami wata bishiyar kastanya da iska ta kayar, ya yanke gangar jikinta, ya jawo ta da igiya da ƙarfen banƙara, ya gitta ta a matsin daidai ƙugunsa, ya danne kowane gefe da duwatsu da turaku. Ya auna ta kamar yadda masu gyaran hanya suke aunawa, wato da kekensa. Ya saɓa shi a kafaɗa da hannu ɗaya, ya tsallaka, ya dawo, ya sake tsallakawa. Keke ya wuce, babur kuwa sai dai ya yi tsiro da fiffike.

Ya san keken batir ya ninka nasa nauyi. Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai, har ya yi murmushi da ya tuna. Ya ce a ransa, su ɗan ji a jikinsu, ai ba a hawa dutse a banza.

Gungumen ya yi aikinsa. Babura suka zo suka yi ta kuka a gabansa, suka juya. Masu batir kuwa matasa ne yawancinsu, kuma a garke suke tafiya, sai biyu su kama keke ɗaya su tsallakar suna dariya, bai hana su komai ba. Hanyar Gawayi ta warke, ƙasa ta kwanta lumui, ganye ya rufe tabon. Attilio yakan tsallake gungumensa da sassafe, ya isa benci, ya ajiye gurasa a gefensa, ya zauna. Baƙi su zo su ɗauki hoton teku, su yi masa sannu da harshen da ba ya ji, su gangara. Wani lokaci ya hango tsofaffin abokansa can a wani tsauni, jere kamar tururuwa, suna hawa da gudun da ba na shekarunsu ba. Duk ƙarar da ya ji daga ƙasa sai ya juya. In ƙararrawar coci ta buga tsakar rana, ya mayar da gurasa jaka ya gangara ta Hanyar Gawayi shi kaɗai. Hanyar ba ta taɓa yin kyau irin na wannan shekarar ba, kuma bai taɓa jin kaɗaici a kanta irin haka ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma Attilio ya san da shi suke.

Da yake ta Hanyar Gawayi yake sauka, bai taɓa komawa ta Maƙogwaro ranar Lahadi ba.

Sai wata Litinin, lokacin da 'ya'yan kastanya suka fara zuba, bayan an ɗan yi yayyafi, ya hau da ƙafa da manjagara a kafaɗa don ya duba ko turakun sun motsa. Tun daga nesa ya ga sawu. Taya ce mai faɗi, ta keken batir, ta zo har gindin gungumen ta tsaya. A jikin itacen akwai karce, inda cikin keken ya goga, an ɗaga an kasa, an sake ɗagawa. Ga sawun takalmi ya nutse a laka, na mutum ɗaya, babu na biyu. Ga wani dutse a gefe inda aka zauna har ganye ya kwanta. Daga nan tayar ta juya ta koma inda ta fito.

Attilio ya yi dariya shi kaɗai a daji. "Tarko ya kama," ya ce. "Ina batirin naka yau?"

Ya ɗaga kai zai rataye rigarsa, sai ya ga reshen da ke bisa dutsen zaman. Ɓawon lemo ne a rataye, doguwar murɗe, ba a tsinke ba, har yanzu da ɗanyen launinsa. Kusa da shi akwai wani da ya fara bushewa. Gaba kaɗan wasu sun yi baƙi sun ƙanƙance, rana ta daɗe tana dukan su.

Ya daɗe a tsaye da rigar a hannu. Kunya da tsoro suka taru suka danne shi, ya zauna a kan dutsen, daidai inda aka zauna. Daga nan ba a hango benci, amma bai fi tafiyar shan kofin gahawa ba. Duk Lahadin da yake can sama yana juyawa in ya ji motsi, mutumin yana nan ƙasa yana ɓare lemo.

Ya sauko bai taɓa turaku ba, ya zarce shagon Nives.

"Kin san Renzo ya sayi keken batir?"

Nives ta ci gaba da goge kofi. "Kowa ya sani. Har limamin coci ya sani. Kai kaɗai ne baƙo a garin nan."

"Ban taɓa ganin sa ba."

"Ta ina za ka gan shi? Sai ya tabbatar ka yi nisa yake fitowa, kuma ta bayan coci yake zagayawa, kamar ɓarawon akuya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ya ce in na faɗa maka ya daina shan gahawata. Kuma kai ana faɗa maka magana ne? A nan ka tsaya, nan wurin, ka yi zancen siminti. Ka ɗauka don ya yi dariya bai ji ba?"

Bai sayi komai ba ya fita.

Ornella, matar Renzo, ita ta buɗe masa ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa ba ta ce ya shigo ba, ba ta kuma ce ya koma ba. A zauren akwai kwalaye a jere, an ɗaɗɗaure.

"Yana baya, wajen bishiyoyinsa," ta ce. "Amma bari ka ji, Attilio. Likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi kyanwa nauyi. Jiya ya dawo mini leɓe shuɗi, hannu yana rawa, wai tuntuɓe ya yi. Ni ba yarinya ba ce. Ƙarshen wata ɗanmu zai zo ya kwashe mu zuwa birnin Genova, kusa da asibiti. Na gaji da zama bakin taga ina jiran a kawo mini shi a kan allo."

Renzo yana zaune a ƙarƙashin lemon tsami, bargo a gwiwa. Tumbin ya tafi, rigar ta yi masa yawa. A jikin bango ga wani abu an lulluɓe da tamfol, waya ta fito daga ƙarƙashi ta shiga soket. Dukansu biyu suka yi kamar ba su ga abin ba.

"A'a, yau sarkin dutse ne a gidanmu? Zauna mana, kujera ba ta da batir."

Attilio ya zauna. "Ka rame."

"Ka daɗe kana cewa in rage tumbi. To an rage mini, da wuƙa. Na ji ka yi wa dutse ƙofa."

"Don babura na yi."

"Na sani. Aiki ya yi kyau, ka auna shi daidai. Da ni ne da na bar 'yar kafa, amma ai ka san ni, ba na gama aiki."

Attilio ya so a ce zagin sa ya yi. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Lahadi zan jira ka a wurin. In ka zo in ɗaga maka abin, mu ƙarasa tare."

"Ka ɗaga mini?" Renzo ya yi 'yar dariya, ya dafa ƙirji. "Ni ma ka ɗaga ni ka tsallakar? Ashe buhun simintin zai tabbata."

"Wutsiya, maganar nan..."

"Bar ta, mutumina. Ba ƙarya ka yi ba, abin yana turawa. Amma sai ka taka yake turawa, wannan ne ba ka sani ba. Ni dai ba na son ka tsaya mini a hanya kana jira kamar ɗan dako. In zan iso, in iso da kaina, in same ka a benci ka haɗe rai kana duba agogo, kamar kullum. In ba haka ba a bar shi. Ai na ga teku, a Genova ma akwai shi."

Daga nan Renzo ya tambaye shi ko kwatar da ke ƙasan babban dutse tana nan, ya ce tana nan. Suka yi maganar kwata har gahawa ta huce.

Dukan makon sama tana haɗa gira. Attilio ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe Maƙogwaro ƙasa tana jiƙe, ya fi kowa sani. Samarin nan ba sa fashin leƙowa, kuma labari a wurinsu ya fi babur gudu. Ranar Juma'a ya bi Hanyar Gawayi da ƙafa daga sama har ƙasa, a hankali, yana taɓa duwatsun kwata da ƙafarsa, yana tsayawa a kowace kwana. Ranar Asabar ya ɗauki zarto ya hau. Itacen ya ƙi yankuwa da sauƙi, don ya zaɓe shi ne don ya daɗe. Da ya rabu biyu, ya tura guntayen rami, ya ji suna gangarawa suna karya rassa har suka yi shiru. Ya zare turakun, ya share wurin da manjagara yadda taya ba za ta ji komai ba. Bai aika wa Renzo ba. A hanyar gida dai ya tsaya a ƙofar Nives da zarton a kafaɗa, ya sha gahawa a tsaye, ya bar ta ta kalli garin katakon da ke jikin rigarsa. Kafin ya isa gida ruwa ya sauko.

Lahadi ta waye da rana, amma ƙasa sharkaf. Yana benci, gurasa a gefe, sai ya ji baburan. Rurin ya taso daga ƙasa, ya ɗan tsaya a Maƙogwaro kamar suna mamaki, sannan ya ƙaru. Suka fito su huɗu, laka har hular kwano. Na gaban ya kashe inji ya ɗaga gilashin hularsa, saurayi ne mai fara'a.

"Ina kwana, Baba. Kai ka cire itacen nan?"

"Ni ne."

"Allah ya saka. Ka san kakana gawayi yake toyawa a dajin nan? Da alfadari yake bin hanyar. Mun ji haushi da aka toshe, wallahi."

"Ƙasa ba ta bushe ba," in ji Attilio.

"Ai shi ne daɗin, Baba."

Ya sauke gilashi, suka faɗa Hanyar Gawayi. Attilio bai tashi ya leƙa ba, ba ya bukata. Da kunne yake bin su. Ya ji lokacin da suka shiga kwanar farko, ya ji tayar baya tana tona, ya ji duwatsu suna gangarawa a wajen babbar kwata. Kowace ƙara ya san wurinta. Can suka sake zagayowa suka maimaita. Ya riƙe gefen benci da hannu biyu har yatsunsa suka yi fari.

Daji ya yi tsit. Rana ta hau. Ƙararrawar tsakar rana ta buga, ya ji ta har ƙarshe, bai taɓa jaka ba. Ya fara tunanin ko Ornella ta ɓoye wayar caji, ko Nives ba ta kai labari ba, ko kuwa mutumin ya fito wani abu ya same shi a hanya. Ya miƙe zai gangara dubawa, ya tuna abin da aka ce masa, ya koma ya zauna ya haɗe rai.

Sai ya ji kukan sauron nan. Siriri, yana yankewa yana dawowa, yana matsowa a hankali. Shekara da shekaru yana tsanar wannan ƙarar, yau kuwa ya kasa kunne kamar mai jiran kiran sunansa. Renzo ya ɓullo daga cikin itatuwa yana taka feda sannu-sannu, fuska ba ja ba, fara fat. Ya sauka da ƙyar, ya bar keken ya kwanta a ciyawa, ya zube a benci. Ya daɗe kafin numfashinsa ya daidaita.

Attilio ya duba agogo. "Ka makara."

"Batirin ne malalaci. Ina gefena?"

Attilio ya ciro wuƙa. Ya yanka a karkace. Suka ci suna kallon teku, gurasar ta yi sanyi ta yi tauri. Renzo ya ɓare lemonsa ya rataya ɓawon. Sannan ya taka zuwa bakin Hanyar Gawayi ya leƙa. Rami biyu ne suka tsaga ta, ruwa ja yana bin su, kafaɗar kwanar farko ta zube. Ya daɗe yana kallo.

"Kai mahaukaci ne, Attilio," ya ce a hankali.

"Da ma ba za ka iya gangara ta ba. Ornella za ta kashe ni."

Suka sauka ta hanyar da suka hau, a kan birki, Renzo a gaba. A Maƙogwaro bai tsaya ba, bai waiwaya ba, ya wuce kamar ba a taɓa gitta komai a wurin ba.

Ƙarshen wata mota ta zo ta kwashe kwalayen. Lahadin da ta biyo baya Nives ta tambaye shi ko zai sake gitta wani itacen, ya ce itace bai ƙare a daji ba, a bari a gani. Ta miƙa hannu za ta yanko masa ɗan yanka, ya ce a'a, faifai guda.

Ya isa benci rana ba ta yi zafi ba. Ya ajiye gurasar, ya zauna, ya juya yana kallon bakin itatuwa kamar yadda ya saba. Sai ya tuna babu wanda yake baya. Doka ta cika tun da ya sauka daga keke. Ya warware takardar, ya yanki gefen da ya ƙone, wanda bai taɓa kai wa bakinsa ba duk shekarun nan. Ashe ɗaci gare shi, ga tauri, yana kama haƙori. Ya yi ta juya shi a baki yana tunanin mutumin da kullum yake riga kowa cewa shi yake so. A reshe ɓawon lemon ya fara bushewa. Ya cinye gefen duka, ya kaɗe ɓarɓashin daga wandonsa, ya ɗauki manjagarar da ya ɓoye a bayan benci ya nufi kwanar farko.